Munduwar Inna a Tafkin Lagdo

Ni maƙerin fari ne, ɗan Ƙofar Durbi a birnin Katsina, kuma kafin wannan tafiya ruwan da na sani mafi zurfi a duniya shi ne na rijiyar gidanmu. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ji ina zancen fatsa da giwan ruwa ya ɗauka gado na yi. Ban gada ba. Wahala ce ta koya mani, kuma da an ba ni zaɓi wallahi da na zauna da jahilcina.

Rijiyar nan tana da zurfi ƙwarai, irin na tsofaffin gidajen birni. A bakinta muka tashi, ni da yayana Sada. Innarmu ba ta da faɗa, amma a kan abu ɗaya ba ta ɗaga ƙafa: kada guga ya faɗa. In ya faɗa sai an bi maƙwabta aron ƙugiya, unguwa duk ta ji cewa 'ya'yan gidan maƙera ba su iya riƙon igiya ba. Don haka ko tana ɗaki, da ta ji ƙarar guga sai ta ɗaga murya, "Naɗe ta ga hannu! Naɗe!" Mun sha wannan kira har ya shiga jikinmu, hannu ke yi da kansa ba sai an tuna ba.

A shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, a tsakiyar bazara, na tsinci kaina a tashar motar Yola ina neman hanyar Kamaru. Shekara uku ke nan da aka sallami Yaya Sada daga aikin masinja a wani ofis, ya bi wasu fatake da niyyar fataucin bandar kifi a wani wuri da ake ce wa Lagdo. Daga wasiƙa ɗaya ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. A cikin shekarun nan idon Inna ya tafi. Yaya ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma taɓa buɗe baki ta ce tana kewarsa ba. Abin da ta yi kawai, ta zare munduwar azurfar da marigayi babanmu ya ƙera mata ta damƙa mani, ta ce, "Ka nuna wa yayanka wagga. Ka ce mashi ina son in ji muryarshi tsakar gidan nan kahin in tahi." Munduwar na ɗaure ta a ƙugu. A jaka kuma akwai riga da wando na shadda da ta sa aka ɗinka masa, don ya shigo gari da mutuncinsa.

A tashar ne wani mutum mai carbi a hannu ya ji ina tambaya, ya waiwayo da fara'a ya ce, "Kai, wannan harshe na gida ne! Bakatsine ko?" Ya ce shi ɗan Ƙofar Kwaya ne. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, har ya tambayi ko ana nan ana gyaran hasumiyar Gobarau. Kwana biyu ban ji wanda ya san garinmu ba, sai na ji kamar na ga ɗan uwana. Ya ce yana da babur, hanyar ma gidansa ce, me zai sa ɗan gari ya sha wuya yana nan. Ya ɗaure jakata a baya, muka kama hanya. Da azahar ta yi muka tsaya a bakin wani rafi, ya ce in fara alwala shi zai kula da kaya. Ina cikin raka'a ta biyu na ji babur ya tashi. Ban sallame ba. Na ƙarasa sallata, amma abin da bakina ke karantawa daban, abin da zuciyata ke faɗa wa mutumin nan daban, Allah ya yafe mani. Burgamin kayan aikina ne kaɗai ya tsira, don a kafaɗata yake: ƙaramar guduma, magagari, da awartaki.

Da ƙafa da roƙon direbobi na isa Garwa, cikin Kamaru. Can na san cewa ni baƙo ne. Ka yi magana a dube ka, a amsa maka da Fillanci ko Faransanci, ka tsaya kamar gunki. Na zauna a gefen kasuwa na shimfiɗa kayan aiki a kan tsumma, ina gyaran buta da 'yan kunne da marfin tukunya, don in sami abin sa wa a baka. Wata dattijuwa mai sayar da kunun gyaɗa, ana ce mata Dada, ita ta lura ba na cin komai sai rogo. Ba ta jin Hausa sosai. Kullum da hantsi sai ta turo mani kwano da ƙafarta, ta kawar da kai kamar ba ita ba. Da na gyara mata ludayi na ƙi karɓar komai, sai ta yi ta faɗa da yarensu, ta ƙara mani ƙosai. Rannan ina shan kunun na ji an kira sallah da wata irin murya mai kama da ta ladanin unguwarmu, sai hawaye suka zubo mani a cikin kwano. Dada ta gani. Ita ce ta haɗa ni da ɗan ƙanenta mai motar gishiri, ya ɗora ni bisa buhuna har Lagdo.

Tabɗi! Ni da na zaci tafki irin kududdufin bayan ganuwa ne. Ruwa ne har inda ido ya tsaya, da duwatsu a tsakiya, da kawunan matattun itatuwa suna leƙowa, don daji ne aka datse kogi ya cinye shi. Masunta kuwa daga ko'ina, Sarkawa da Kabawa da Jukunawa da waɗanda ban san sunan yarensu ba, kowa da tungarsa, wato 'yan bukkokin da suke kafawa a bakin ruwa. Na yi kwanaki ina bin tunga-tunga ina tambayar Sada Bakatsine, babu wanda ya san shi. Sai da wata mai tuya ta ce, "Ko Masinja kake nufi?" Ashe sunan da ya rage masa ke nan.

A wani tsibiri na same shi, tsugune gaban wutar banda yana juya kifin wani mutum. Na wuce shi sau ɗaya ban gane shi ba. Yayana da ke fita ofis da guga a rigarsa, ga shi da yagaggen wando, idanu sun yi ja don hayaƙi, ƙasusuwan wuya a waje. Na durƙusa na ce, "Yaya, ina wuni." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Rabe? Lahiya? Inna?" Na ce tana nan da rai. Muka gaisa kamar jiya muka rabu, ya tambayi kowa da kowa har akuyar gida. Sai na kwance munduwar na miƙa masa. Ya juya ta a hannu, ya tashi ya zagaya bayan bukka. Na bar shi. Da ya dawo ya ce hayaƙin nan ya yi yawa yau.

Na gaya masa saƙo, na ce gobe mu kama hanya. Ya girgiza kai. "Da wane ido zan shiga Ƙohwar Durbi, Rabe? Shekara uku. In shiga haka? Yara su bi ni?" Na ce ai Inna ta aiko da riga, sai na tuna inda rigar take. Da na ba shi labarin mai babur ya yi dariya har ya yi tari, dariyar farko da na ji daga bakinsa. Fataken da ya biyo sun watsar da shi tun shekarar farko, tun daga nan yake yi wa mutane banda don abinci. Na yi lallashi, na yi fushi, ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na ce masa Inna ba ta gani, ba riga za ta duba ba. Ya ce, "Ita ba ta gani, unguwa tana gani." A ƙarshe ya ce abu ɗaya. In ya kama giwan ruwa babba da hannunsa, nasa na kansa, ya bandace rabi ya kai wa Inna, ya sayar da rabi ya yi sutura, to zai bi ni. Giwan ruwa shi ne babban kifin tafkin, wani ya kai girman mutum. Ba mu da jirgi, ba mu da taru, ba mu da komai.

Akwai wani tsoho a tungar, Basarke daga wajen Yawuri, ana ce masa Baba Gado. Shi ba ya amfani da taru, ba ya kuma sa tana ko ɗan kifi a ƙugiya. Da ƙarfe yake kamun giwan ruwa. Su can cokali suke ce wa abin, don asali daga cokalin cin abinci ake yanko shi, a huda kai da gindi, a sa ƙugiya. Ya ga gudumata ya ce, "Kai maƙeri ne? Allah ya kawo ka." Ya zazzage mani tsofaffin cokulansa duk sun lanƙwashe. Na gyara masa, shi kuma ya ce zai ba mu aron ƙaramin kwalekwalensa ya koya mana.

Da farko abin bai kwanta mani ba. Na ce, "Baba, kifi mahaukaci ne da zai haɗiyi ƙarfe?" Ya ce, "Ba mahaukaci ba ne, azzalumi ne. Mai rauni yake nema." Nan ya zaunar da ni. Ya ce cokalin da ke tafiya sak babu kifin da zai kula shi, wanda ke juyawa kamar mazari kuma kora yake yi. Wanda ake so shi ne mai ɗingishi, ya karkata dama ya karkata hagu yana walƙiya, yadda ƙaramar karfasa ke yi in ta ji ciwo. Duk sirrin a lanƙwasar yake, gindin ya fi kai zurfi kaɗan. Na yi ta bugawa muna gwadawa a bakin ruwa, yana cewa ƙara, rage, har ranar da ya ce, "Yawwa, wannan ko ni sai in cije shi." Ya koya mani goge shi da toka da lemon tsami, da ɗaura jan zare a gindin ƙugiya ya zama kamar jini, da sa waya kamu ɗaya tsakanin cokali da igiya, don gefen kumatun giwan ruwa kaifi gare shi, yana yanke igiya.

A cikin ruwa kuma darasi daban. Ɗaya na tuƙi a hankali, ɗaya na riƙe da igiya a baya. Ba a tsakiyar fili ake nemansa ba, a gindin duwatsu yake laɓewa, da gefen matattun itatuwa, da inda tudu ya gangara rami. A saki cokali ya nutse, a ja kamu uku, a tsaya, a sake ja. "A tsayawar nan yake bugu," in ji Baba. "Yana ganin abin ya gaji." Sauran igiyar kuwa a jikin wata babbar gora ake naɗe ta, gorar tana ajiye a gaban mai riƙo.

Sai ya ɗaga mana hannunsa na dama. Yatsu uku ne a jiki. Ya ce, "Ku duba da kyau, 'yan birni. Igiya a kan yatsu take zama, sakwa-sakwa. Ba a naɗe ta a hannu, ko sau ɗaya. In ya ja, ku ba shi. In ya fi ƙarfinku, ku jefa gorar a ruwa ku bi ta a baya. Gora ke faɗa da giwan ruwa, ba mutum ba. Zai ja ta ya nutsar, ta taso, ya ja ta taso, har ya gaji ya kwanta. Mai saki shi ke ci." Muka ce mun ji.

Ni na fi iya tuƙi, don haka Yaya ke riƙo, dama kifin nasa ne. Mun yi kwanaki muna fita tare da Baba, muna samun ƙanana, irin waɗanda ba su wuce tsawon hannu ba. Tun a rana ta biyu na ga abin. Da kifi ya taɓa, hannun Yaya sai ya juya da kansa, igiya ta zagaye tafinsa sau biyu, daidai yadda muke yi a bakin rijiya. Shi bai ma san ya yi ba. Da muka sauka na ja shi gefe na ce, "Yaya, kana naɗewa fa." Ya dube ni sama da ƙasa. "Ni za ka koya wa riƙon igiya? Wa ya koya maka jan guga?" Na juya na ɗaure jirgi. Washegari ya sake yi, Baba yana duban wani wajen, ni kuma na kasa buɗe baki in gyara wa yayana a gaban baƙo, mutumin da duniya ta riga ta gama wulaƙanta shi. Na ce a raina ƙananan kifi ne, ba komai.

Manyan sun ƙi zuwa. Baba ya ce zafi ne, sun sauka ƙasa inda ruwa ke da sanyi da duhu, cokulanmu kuma ba su da nauyin da za su kai can, in sun kai ma haskensu ba ya isa. Ya ce da za a sami ƙarfe mai nauyi mai farin gaske, da an ga aiki. Ni kuwa kwanaki suna tafiya, kullum ina ganin Inna zaune a bakin ƙofar ɗaki tana kasa kunne. Gajen haƙurina ya motsa. Ni na kawo shawarar, ba wani ba, gara in faɗa da bakina. Na ce, "Yaya, kawo munduwar in ƙera cokali da ita." Ya dafe aljihu ya ce, "Ka haukace?" Na ce azurfa ba ta mutuwa, in mun kama kifi rana ɗaya ta ishe ni in mayar da ita munduwa, ko Inna ba za ta gane ba, ni ɗan mai ƙera ta ne. Kwana biyu yana ƙi. A na uku ya ajiye mani ita a kan dutse ya tafi, don kada ya ga ana dukanta.

Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, kuma ban sake ba. Na bar zanen babanmu a gefe ɗaya ban goge ba. Da muka gwada shi a bakin ruwa Baba ya riƙe baki ya ce, "Wannan ba cokali ba ne, masifa ce."

Ranar da muka shirya fita ta zo daidai da ranar miƙa mulki a gida. Duk 'yan Nijeriyar tungar suka taru a gindin rediyon wani mai shayi, babu wanda ya taɓa jirgi. Ana ta musu, wasu na cewa sauƙi ya zo, wasu na cewa soja ba ya sakin abin da ya riƙe. Wani ya ce ya ji za a mayar da waɗanda aka sallama bakin aikinsu. Na ga fuskar Yaya ta canza. Ya matso ya ce mani a hankali, "Ka ji? In muka yi sauri ƙila in sami wurina." Baba ya ce mu jira a gama ya raka mu. Yaya ya ce ai mun iya, nan kusa ne. Baba ya ɗaga mana yatsunsa uku daga inda yake zaune, muka yi dariya muka tura jirgi.

Hantsi ne, ruwa kwance lumui. Na tuƙa mu zuwa gefen wasu matattun itatuwa inda ramin yake. Yaya ya yi bismilla ya saki cokali, muka ga walƙiyarsa tana sauka har ta ɓace. Ya ja uku, ya tsaya. Ya ja uku, ya tsaya. Yana cikin ba ni labarin irin hular da zai saya, a zagaye na huɗu, a tsayawar nan, igiya ta miƙe har ta yi ƙara. Gora ta fara birgima a cikin jirgi tana warware kanta. Can nesa ruwa ya tsage, kifin ya taso rabin jikinsa a waje, baki buɗe yana girgiza kai, na hango azurfar Inna tana ƙyalli a gefen bakinsa. Ban taɓa ganin halitta irin wannan ba. Ya koma, ya nufi itatuwa.

Na ce, "Yaya, jefa gora!"

Ya ce, "In ya shiga itace ya tsinke ta fa?"

"Jefa, Yaya! Jefa gora!"

"Munduwar Inna ce, Rabe!"

Na ga hannun ya juya, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ya kafa ƙafa a gefen jirgi ya jingina baya, yadda ake yi in guga ya cika. Wallahi na ɗan lokaci har ya tsayar da shi, ya waiwayo ya dube ni yana murmushi. Sai kifin ya nutsa ƙasa gaba ɗaya. Jirgi ya karkata, Yaya ya tafi da kai. Ko ihu bai yi ba. Gorar ta bi shi ta faɗa.

Ban iya ruwa ba. Shi ma bai iya ba, shekara uku a bakin tafki. Na miƙa matuƙi inda ya shiga, na kira shi, na kira, na zura hannu har kafaɗa, babu komai sai kumfa. Gorar tana can tana nutsewa tana tasowa, tana yin aikin da aka ce za ta yi. Na yi ta kururuwa har muryata ta dushe, amma iska tana kaɗowa daga tunga ne, ni nake jiyo su. Ina jin rediyo, ina jin tafi.

Sai bayan azahar Baba ya ga shiru ya biyo mu da mutane. Gorar ce ta nuna masu wurin. Samarin Sarkawa suka nutsa suka ciro shi daga cikin rassan wata itaciya. Igiyar tana naɗe a hannunsa, ta shige cikin nama, sai da aka sa wuƙa. Gaba da hannun kuma ta tsinke. Kifin ya tafi da munduwar.

A tsibirin muka binne shi, a kan tudu inda ruwan damina ba ya kai wa. Ba ni da ko ƙyallen da zan rufe shi. Baba Gado ya shiga bukkarsa ya buɗe akwati ya fito da farin yadi a ninke, likkafanin da ya tanada wa kansa. Na ce, "Baba, naka ne fa." Ya ce, "Wanda ya riga shi ke da shi." Shi ya yi masa wanka da hannun nan mai yatsu uku. Bai taɓa ce mani ai na gaya maku ba, ko sau ɗaya. Mutanen da ba su san sunansa na gaskiya ba suka yi sahu, liman ya juyo ya tambaye ni sunan mamaci, na ce Sada. Mai tuyar nan ta kawo abinci kwana uku. Da zan tafi na bar wa Baba gudumata da magagari, ban ga abin da zan ƙara yi da su ba a lokacin.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Na ratsa Garwa ban bi ta wajen Dada ba, don na san za ta dubi bayana ta ga babu kowa. Na shigo Katsina an fara ruwa, hotunan 'yan takara duk sun jiƙe a jikin bango, mutane a majalisa suna ta zancen sabuwar gwamnati da wanda za a ba muƙami. A bakin Ƙofar Durbi wani abokin Yaya ya tare ni da murna ya ce, "Ina mutumin? Ana ta rubuta sunayen waɗanda aka sallama!" Na wuce shi.

Inna tana zaune inda na bar ta. Na yi sallama, ta amsa, ta karkata kai tana saurare. Ta ce, "Takun mutum ɗaya nike ji." Na durƙusa a gabanta. Ta ce, "Hwaɗi, Rabe." Na ce na same shi, ya ga saƙo, ya yarda zai zo. Na ce ya so ya kawo mata kifi ne, babban kifi ya ja igiya ya faɗa ruwa, kwana ya ƙare. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce ya naɗe ba. Ban ce na gani na yi shiru ba. Ta yi salati, ta ce Allah ya jiƙan shi, ta tambaya ko an yi masa sutura yadda ya kamata, na ce an yi. Ta shafa wuyan hannunta inda munduwar take zama, amma ba ta tambaye ni ita ba, har ta bar duniya ba ta tambaya ba. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ɗan fari ne.

Aka yi zaman makoki aka watse. Ranar da gida ya koma shiru, da safe na je bakin rijiya in ɗebo mata ruwan alwala. Na zura guga, ya cika, na fara ja. Tana ɗaki, ta ji ƙarar. Shekara talatin na san abin da ke biyo bayan wannan ƙara, har hannuna ya riga ya juya.

"Rabe."

"Na'am, Inna."

Sannan ta ce, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san ta da ita ba, "Kada ka naɗe. In ya hi ƙarhinka ka sake shi ya tahi. Guga ne."

Na dubi hannuna, igiya ta zagaye shi sau biyu. Na warware ta. Ban san lokacin da yatsuna suka buɗe ba, sai dai na ji gugan ya bugi ruwa can ƙasa. Daga ɗaki na jiyo ta tana kiran sunan da ban taɓa ji a bakinta ba, tana maimaitawa. Na zauna a bakin rijiyar, babu wanda ya je aron ƙugiya ranar.